Tafkin Bado na Giverny: Mutumin da Ya Shekara Talatin Yana Kallon Ruwa Ɗaya

A shekarar 1893 wata 'yar rigima ta tashi a Giverny, wani ƙauyen Faransa da ke kamar kilomita 75 arewa maso yammacin Paris. A kan ruwa aka yi ta, kamar yadda rigimar ƙauye ta saba. Wani baƙo mai gemu buzu-buzu, wanda ya shekara goma a garin, ya sayi wani fili mai dausayi a hayin titin jirgin ƙasa, daura da gidansa, ya nemi izinin hukuma ya karkato wani ɗan rafi da ake kira Ru, reshen kogin Epte, ya shigo da shi filin. Mutanen gari suka ce allambaram. Sun ji zai zuba wasu tsirrai na ƙasashen waje a ciki, wa ya san ko guba gare su? A rafin nan shanunsu ke sha, a nan kuma mata ke wanki. Baƙon ya rubuta wa shugaban lardin Eure takarda rai a ɓace, ya ce shi abin da yake nema bai wuce abin da ido zai kalla ya ji daɗi ba, da kuma abin da zai zana. Aka ba shi izini.

Sunansa Claude Monet. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshen, Mone suke cewa. Tsiron da ya tayar wa manoman da hankali kuwa bado ne. Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ko fadama ya san shi: faffaɗan ganye kwance a kan ruwa, fure ya buɗe ya rufe, yara su tsunduma su tsinko 'ya'yansa. Na Turai na asali fari ne. Wani mai renon tsirrai a kudancin Faransa, Latour-Marliac, shi ya yi ta haɗa iri da iri har ya samo bado ja da rawaya da ruwan hoda wanda sanyin Turai ba ya kashewa. Monet ya ga irin nan a babban baje kolin Paris na 1889, wanda aka gina hasumiyar Eiffel dominsa, kuma a 1894 ya aika aka kawo masa.

Daga nan har ya mutu a 1926, kusan shekara talatin a cikinsu, idonsa na kan tafkin nan. Ya zana shi sau wajen 250.

Daƙiƙa 27

A ajiye wannan adadi a gefe, a ɗauko wani. A 2001 aka buga sakamakon wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka yi a gidan adana zane-zane na Metropolitan da ke New York. Sun tsaya da agogo suna auna tsawon lokacin da mutane ke ɗauka a gaban shahararrun zane-zane. Matsakaicin ya fito daƙiƙa 27. Bayan shekaru aka sake gwajin a Chicago, bai kai daƙiƙa 30 ba, ga shi kuma yanzu wani ɓangare na lokacin ana juya wa zanen baya ne ana ɗaukar hoton kai.

Ban ga laifin masu daƙiƙa 27 ba. Gidajen nan suna da faɗi, ƙafa tana gajiya, kuma ba wanda ya koya mana yadda ake kallon zane. Mun saba da hoton waya, wanda aikinsa ya ba da labari: ga wane, ga inda ya je, ga abin da ya sa. Da ka gane labarin sai ka ture da yatsa. Idan aka je wa zanen fenti da wannan ɗabi'a, da an gane cewa wannan gada ce, wancan bado ne, shi ke nan an gama. Alhali a wajen mai zanen, gadar da badon su ne mafi sauƙin abin da ke kan ƙyallen.

Akwai wata malamar tarihin zane a Jami'ar Harvard, Jennifer Roberts, da ke sa ɗalibanta su zaɓi zane guda su zauna a gabansa awa uku cur kafin su buɗe wani littafi a kansa. Awa uku ta yi yawa ga mai ziyara. Amma dalilinta abin dubawa ne: abu yana iya kasancewa a gaban idonka tun farko, ka yi minti arba'in ba ka gan shi ba. Monet, a nasa ɓangaren, ya kai wannan magana inda ba wanda ya kai ta.

Kafin a ɗauki itace da ruwa da daraja

Ba kullum ne Turawa suka ga darajar zanen daji da rafi ba. Makarantar masu zane ta Faransa, tun ƙarni na 17, ta jera aikin hawa-hawa. A sama akwai zanen tarihi da addini da tatsuniyoyin Girka, sai zanen fuskokin mutane, sai al'amuran yau da kullum. Zanen fili da itatuwa yana can ƙasa, bai fi na tulu da 'ya'yan itace a kan tebur da yawa ba. Itace a wajensu labule ne da ake ratayawa a bayan sarki.

A ƙasar Sin abin a juye yake. Wajen shekara ta 1000 Fan Kuan ya zana wani dutse da tawada a kan siliki mai tsawon kamar mita biyu, dutsen ya cika sama ya tokare, matafiya da dabbobinsu na kaya suna can ƙasa kamar tururuwa. Ya ɓoye sunansa a cikin ganyayen wani itace, ba a gano shi ba sai 1958. Shekara ɗari tara da wani abu masana na kallon zanen nan, wanda yanzu yake birnin Taipei, sa hannun yana gabansu.

A Turai sai da Holandawa da Turawan Ingila suka buɗe hanya. John Constable ya shafe 1821 da 1822 yana zana gajimare a Hampstead, gefen Landan, yana rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa da inda iska ke kaɗawa a bayan takardar, kamar ma'aikacin hasashen yanayi. Zanensa na amalanke a cikin rafi bai samu mai saye ba a gida. Da aka kai shi Paris a 1824 sai ya ci lambar zinariya. Sai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ya sauya sana'ar baki ɗaya. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro kwanon fenti mai matsewa, irin na man goge baki. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulle fenti, a huda da tsinke, ragowar ya bushe. Da fenti ya shiga aljihu, jirgin ƙasa kuma ya zo, mai zane ya samu damar ɗaukar kayansa ya tafi bakin kogi.

An haifi Monet a 1840, shekara guda kafin wannan ƙirƙira. Ya tashi a Le Havre, garin tashar jiragen ruwa, yana sayar da zanen barkwanci na manyan gari, har wani mai zane, Eugène Boudin, ya ja shi waje ya nuna masa sararin sama. A 1861 aikin soja ya kai shi Aljeriya. Bai daɗe ba zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, gwaggonsa ta biya aka sallame shi, amma daga baya ya riƙa cewa hasken da ya gani a can da launukan ƙasar su suka shuka abin da ya zo yana nema. A 1870 ya gudu Landan saboda yaƙin Faransa da Farusiya, ya ga aikin Constable da Turner, ya kuma haɗu da dillalin da zai riƙe shi shekaru masu yawa, Paul Durand-Ruel.

Ranar da ke ɓacewa

A watan Afrilun 1874 Monet da abokansa, waɗanda suka gaji da wulaƙancin alƙalan baje kolin gwamnati, suka buɗe nasu a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar. Cikin abin da ya rataya akwai wani ƙaramin zane na tashar Le Havre da asuba, wanda ya yi a 1872. Hazo, inuwar jirage da bututun hayaƙi, 'yan kwale-kwale, sai rana ja kamar garwashi. Duk wanda ya taɓa fitowa da safe cikin hazon hunturu ya ga rana ta zama faifai, har ido na iya kallonta kai tsaye, ya san wannan rana. Monet ya sa wa zanen suna da kalmar Faransanci mai nufin abin da ya faɗo wa ido a karon farko. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita a jaridar barkwanci, yana nufin aikin ko gamawa ba a yi ba. Sunan zolaya ya bi su, su kuma suka karɓe shi. Shi ne har yau ake kiransu Impressionists.

Ga wani gwaji da mai karatu zai iya yi da wayarsa. A nemo hoton zanen, a mayar da shi baƙi da fari. Ranar za ta kusan ɓacewa. Masaniyar ƙwaƙwalwa Margaret Livingstone ce ta ja hankali ga wannan: ranar Monet ba ta fi sararin da ke kewaye da ita haske ba, launinta ne kawai ya bambanta, ruwan lemo a kan shuɗi mai toka. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke gane launi yana ganinta sarai, ɓangaren da ke auna haske da wuri kuwa ya kasa kama ta, shi ya sa take yi kamar tana rawa. Monet bai san wannan bayani ba. Ya dai lura, kuma lurar ta yi daidai.

Haka ya yi da inuwa. Makaranta ta koyar cewa inuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa. Shi ya duba ya ga inuwar da ke kan dusar ƙanƙara shuɗiya ce, ta gefen tarin alkama da yamma shunayya ce. Idan ana son a san ko mutum ya fara kallon zane da gaske, a tambaye shi launin inuwar. Yawancinmu sai mun koma mun sake dubawa.

Wannan ido yana da tasa tsadar. A watan Satumbar 1879 matarsa Camille ta mutu a Vétheuil tana da shekara 32, suna cikin talauci da bashi. Ya zauna a gefen gadon ya zana ta. Zanen yana gidan adana zane-zane na Orsay a Paris, kuma ban san wani zanen fuska da ya fi shi wuyar kallo ba: fuskar tana nutsewa cikin zirin fari da shuɗi da shunayya kamar wadda ruwa ke tafiya da ita. Shekaru bayan haka ya shaida wa abokinsa Georges Clemenceau cewa ya kama kansa a wannan asuba yana bin yadda launuka ke sauyawa a fuskar gawar, tun kafin tunanin zanawa ya zo masa, kuma abin ya ba shi tsoro. Masu cewa Monet mai zanen furanni ne na jikin kalanda, wannan zane ya kamata a fara nuna musu.

Abu ɗaya, sa'o'i da yawa

Monet ya koma Giverny a 1883 a matsayin ɗan haya, ya sayi gidan a 1890 da kasuwa ta buɗe. A wannan kaka ya tsaya a gonar maƙwabcinsa gaban tarin dammunan alkama, da niyyar yin zane biyu, ɗaya na rana ɗaya na lumshi. Bai jima da farawa ba haske ya juya. Ya aika Blanche, 'yar matar da zai aura daga baya, ta kawo wani ƙyallen. Jim kaɗan ya sake aikawa. Daga baya a baro ake turo masa su. Ya yi wajen 25, daga ƙarshen rani har cikin ƙanƙara, ya nuna 15 tare a watan Mayun 1891, aka saye su cikin 'yan kwanaki. A 2019 an sayar da ɗaya a New York a kan dala miliyan 110.7, kuɗin da ba ya gaya mana komai game da zanen, sai dai game da masu kuɗi.

Wanda ya fi gaya mana wani abu shi ne wani lauya ɗan Rasha, Wassily Kandinsky, da ya ga ɗaya daga cikin zane-zanen alkaman a Mosko wajen 1896 ya kasa gane mene ne aka zana sai da ya duba takardar bayani. Ya ji haushi, amma zanen ya ƙi fita daga ransa. Ba a daɗe ba ya bar aikin lauya ya koma zane, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin zanen da ba ya kwaikwayon komai.

Bayan alkama sai wani layin dogayen itatuwa a bakin Epte. Yana tsakiyar aiki ya ji hukumar ƙauyen Limetz za ta yi gwanjonsu. Ya je ya shirya da wani ɗan katako, ya sa kuɗinsa, bisa sharaɗin a bar su a tsaye har ya gama. Wata maƙwabciyarsa Ba'amurkiya, Lilla Cabot Perry, ta ruwaito cewa akwai hasken da minti bakwai kacal yake yi a kan itatuwan kafin ya wuce, sai a jira gobe. Sai kuma fuskar babbar majami'ar Rouen, sau wajen 30 tsakanin 1892 da 1894, da kogin Thames cikin hazon Landan, kusan sau 100.

Gaskiya dai, ba duk abin da ya bari a yi ta faɗa a kansa ne gaskiya ba. Yana son a ɗauka komai a waje yake gamawa, gaban abin da yake zanawa, alhali da yawa a ɗakin aiki ya ƙarasa su, yana jera su yana daidaita wannan da wancan wata da watanni. Wannan bai rage musu komai ba a ganina. Ya dai nuna cewa abin da ke kama da aikin minti goma, shimfiɗa ce a kan shimfiɗa. Wanda ya matsa kusa da ainihin zanen zai ga busasshen fenti a ƙarƙashin sabo, tudu-tudu kamar yaɓen bango. Wannan kaurin ne gilashin waya ke shafewa.

Lambun da aka shuka don a zana

Sauran masu zane suna fita neman wuri mai kyau. Monet ya gina nasa. Gaban gidan ya cire yawancin itatuwan da ya tarar ya zuba furanni layi-layi, yana lissafin wanne zai buɗe idan wanne ya yi yaushi, don kada ido ya rasa launi daga bazara zuwa kaka. A hayin titin jirgi kuma ga tafkin, wanda ya faɗaɗa a 1901, da wata gada mai lanƙwasa irin ta Japan da ya shafa wa kore. Ba a banza ba: bangon gidansa cike yake da zane-zanen bugu na Japan sama da 200, na su Hokusai da Hiroshige da Utamaro. Daga wajensu ya koyi cewa ana iya yanke abu a gefen zane, ana iya barin tsakiya ba kowa.

Masu lambu wajen shida ke masa aiki. Ɗaya aikinsa tafkin kawai: ya shiga kwale-kwale da sassafe ya kwashe datti, ya rage ganyen da ya yi yawa, ya wanke ƙurar da ta sauka a kan badon. Da motoci suka fara tayar da ƙura a hanyar da ke wucewa, maigidan ya sa kuɗi aka zuba mata kwalta. Mutum ne mai wuyar zama. In hadari ya ɓata masa haske, gidan gaba ɗaya ya shiga taitayinsa. A 1908, ana dab da baje koli, ya sa wuƙa ya yayyaga zanen bado aƙalla 15 don ba su gamsar da shi ba. Aka ɗage sai 1909, inda ya nuna 48.

Wanda ya jera zanen tafkin bisa shekaru zai ga wani abu yana faruwa sannu a hankali. A na farko akwai gada, akwai gaɓa, akwai itatuwa a baya. Mai kallo ya san inda yake tsaye. Sai gadar ta fita. Gaɓar ta yi sama, ta zama siririn layi, ta ɓace. Ya rage ruwa kawai, bango zuwa bango. Sama tana nan, amma a cikin ruwan take, a kife. Abu uku ido ke gani a wuri ɗaya: ganyen da ke kwance a fuskar ruwa, gajimaren da ke can sama, da ciyawar da ke motsi a ƙasa. A bakin tafki na gaske ido ba ya iya riƙe ukun lokaci guda, sai ya zaɓa. A kan ƙyallen Monet duka suna nan, kuma ido ya yi ta kai da kawo tsakaninsu. Wannan kai da kawo ba ya faruwa cikin daƙiƙa 27.

Yana, yaƙi, da kyauta

Sai abubuwa suka taru masa. Matarsa ta biyu, Alice, ta mutu a 1911. A 1912 likita ya ce ciwon yana ya kama idanunsa biyu. Babban ɗansa Jean ya mutu a 1914, watanni kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya tafi da ƙaramin, Michel, fagen daga. Tsoho mai shekara 74, wanda ido ke gudu, sai ya sa aka gina masa wani makeken ɗakin aiki mai rufin gilashi ya fara zane mafi girma a rayuwarsa, ƙyallaye masu tsayin mita biyu a kan ƙafafu masu taya.

Yanar ido tana sa duniya ta koma rawaya-rawaya, shuɗi ya dushe. Ya koma dogara ga rubutun da ke jikin kwanukan fenti da kuma tsarin da ya saba jera su. Zane-zanen gadar Japan na wajen 1920 zuwa 1922 ja ne da ruwan ƙasa da rawaya, a hargitse, kamar lambun ya kama da wuta. In ba a faɗa maka gada ce ba, ba za ka ce ba. Likitoci suna karanta su a matsayin alamar cuta. Akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda ita ce duka ba, domin hannun da ya yi su ya san abin da yake yi, kuma fushin da ke cikinsu na mai gani ne. Ya daɗe yana gudun aikin ido. Clemenceau, wanda shi ma likita ne kafin siyasa, ya matsa masa har ya yarda, Dokta Charles Coutela ya yi masa aiki a idon dama a 1923. Bayan aikin ya yi ta ƙorafi cewa komai ya koma shuɗi, sai da aka yi ta sauya masa tabarau.

Ranar 12 ga Nuwamban 1918, washegarin tsagaita wuta, ya rubuta wa Clemenceau, wanda a lokacin shi ne firayim minista, cewa yana son ya ba ƙasa kyautar zane biyu. Magana ta girma har ta zama ɗakuna biyu. Aka sa hannu a 1922, aka zaɓi Orangerie, wani gini a Paris da aka yi a 1852 don ɓoye itatuwan lemon lambun Tuileries daga sanyi. Amma tsohon ya ƙi sakin zanen. Kullum da saura. Har ya yi barazanar janye kyautar, abokin nasa ya yi fushi da shi. Zane-zanen suna ɗakinsa har ya mutu ranar 5 ga Disamban 1926 yana da shekara 86. Ana ba da labarin cewa a wajen jana'iza Clemenceau ya yaye baƙin ƙyallen da aka lulluɓe akwatin da shi ya sa mai furanni. A watan Mayun 1927 aka buɗe ɗakunan.

A cikin ɗakin

Ɗakuna biyu ne masu siffar ƙwai, ɗaya na bin ɗaya. Zane takwas, daga ƙyallaye 22 da aka manne a bango mai lanƙwasa, tsayi mita biyu, tsawonsu in an haɗa mita 91. Mafi tsawo shi kaɗai mita 17 ne. An jera su bisa tafiyar rana, na safiya ta gabas, na faɗuwar rana ta yamma, haske kuma daga rufi yake saukowa, don haka in gajimare ya gifta a saman Paris, ruwan da ke bango ma sai ya sauya.

Babu mutum a ciki, babu tsuntsu, babu ko kifi. Mai karatun da ke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai zai tuna an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. A ɗakunan nan ruwa ne da ganye da inuwar gajimare, sai kututturan itatuwa masu rassa a zube.

Ba a iya ganin zanen mita 17 da kallo ɗaya, dole a taka. Shawarata ga wanda Allah ya kai shi: ya fara zama a kujerar tsakiya har idonsa ya huce daga hasken titi. Daga nan ruwa ne sosai, mai zurfi. Sai ya tashi ya matsa har inda aka yarda a tsaya. Ruwan zai watse. Furen da ya gani daga nesa shafa biyu ce ko uku ta buroshi, ja da fari. Ganyen wani zagaye ne da aka ja da hannu ɗaya ba a ko rufe bakinsa ba. A wasu gefuna ƙyallen ma tsirara yake, ba fenti. Sai ya riƙa ja da baya taku ɗaya-ɗaya. Akwai wani taku da shafe-shafen za su haɗe su koma tafki. Neman wannan taku, a wajena, shi ne daɗin ziyarar, kuma ba wuri ɗaya yake ga kowa ba. Mai tabarau da marar tabarau ba za su tsaya a layi ɗaya ba.

Abin mamaki, da aka buɗe ɗakunan mutane ba su zo ba. Zamani ya wuce wajen, matasa na bin su Picasso, ana ganin wannan aikin tsoho ne mai ciwon ido. A 1944, lokacin 'yantar da Paris, harsashin igwa ya faɗo ta rufi ya lalata wani ɓangare. A shekarun 1960 aka gina bene a kansu, aka toshe hasken saman da mai zanen ya shar'anta. Amurkawa ne suka farfaɗo da sunan aikin a shekarun 1950, da masu zanensu suka fara yin manya-manyan ƙyallaye marasa siffa, aka waiwaya aka ga tsohon Giverny ya riga su. Ba a rushe benen ba sai a gyaran da aka yi daga 2000 zuwa 2006.

Lambun ma ya sha nasa. Blanche ta riƙe shi har ta mutu a 1947, daga nan ciyawa ta ci shi, tafkin ya cike da laka, gadar ta ruɓe. Michel ya mutu a hatsarin mota a 1966 ya bar wa Makarantar Fasaha ta Faransa gidan. Gérald Van der Kemp, wanda ya gyara fadar Versailles, shi ya karɓi aikin, da kuɗin da mafi yawansa daga Amurka ya fito, aka buɗe wa jama'a a 1980. Daga tashar Saint-Lazare a Paris ake shiga jirgi a sauka a Vernon, kuma daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba kawai ake buɗewa.

Titin jirgin da ya raba gidan da tafkin ya zama hanyar mota, ta ƙarƙashinta ake bi a tsallaka. Da hantsi gadar kan cika maƙil, kowa da waya a sama, ana jiran a samu gurbi. Har yanzu akwai mai shiga kwale-kwale da safe da raga a hannu yana tsame ganyen da ya faɗa cikin dare. Ruwan Ru kuma yana shigowa ta gefe ɗaya, ya ratsa ƙarƙashin badon, ya fita ta ɗaya gefen.